Sunan da Na Kai Kumasi

Tun da na dawo ban huta ba. Wannan ta shigo ta yi mini sannu da hanya, ta karɓi goro, ta ce yaya Kumasin, kafin in ƙetare Kwara a labari an aiko tuwonta na ƙonewa. Wata ta shigo in sake komawa farko. Bakina ya gaji. To yau ga ku duka, ku gyara zama in ba ku sau ɗaya, wadda ta tashi ta nemi ƙarashen wajen maƙwabciyarta. Goron ma ya ƙare, kada wata ta riƙa leƙen ƙwaryata.

Yaran cikinku ba su san mafarin ba, bari in ɗan taɓa musu. Mu ba 'yan nan ba ne, masu garin kuma ba su taɓa bari mun manta ba. Garinmu Farar Rijiya, can arewa. Ranar da sojojin Nasara suka sa masa wuta da hantsi, kowa ya bi inda ƙafarsa ta kai shi. Ni da maigidana da Audu a goye muka yo kudu, muka faɗo nan Kabi. Babban kuwa, wancan ɗin, ba ya hannuna. Ɗan fari ne, tun yaye yana wajen gwaggonsa Kulu kamar yadda ake yi, ita kuma ta bi masu yin yamma. Ko kaciya ba a yi masa ba a lokacin. Daga ranar shiru. Maigidan ya yi cigiya har ya gaji, ya rasu bai ji ko ƙishin-ƙishin ba. Mu kuma muka shiga zaman aro. Gona ta aro, ka zuba mata taki ta yi kyau mai ita ya tuna yana so. Rijiya sai masu gari sun gama ɗiba. Maigidan nawa ma a gefen maƙabarta aka sa shi, wajen ƙaya.

Bara waccan da kaka sai ga Tanko bafatake, shi ma ɗan garinmu ne da gudun ya jefa Gaya. Ya ce a Zangon Kumasi ya ga wani saurayi mai ɗaurin goro da tsagar gidanmu, har da ɗan billen da wanzaminmu yake ƙarawa a bayan kunne. Ya tambaye shi, yaron ya ce bai san garinsu ba, abin da ya riƙe kawai wata Gwaggo Kulu da ta mutu a Salaga ta bar shi hannun fatake. Ɗan Salaga ake kiransa. Tanko ya ce in gane, a can in an ce wa mutum haka ana nufin sayo shi aka yi. Yaron ya nemi 'yar maigidansa, yarinyar tana so, uban ya ce ba ya ba wanda ba shi da asali.

Jikan limamin Farar Rijiya, wai bawa. Audu ya ce shi zai je. Na ce ya bar gonar damina ɗaya ya ga ko zai dawo ya same ta, kuma shi da yake goye me ya sani da zai gaya musu? Zuwa da kai ya fi aike. Na ɗaure daddawa da kuka da ɗan gero, na bi ayarin Madugu Na'Allah, da sharaɗin in riƙa taimakon mai tuwonsu.

Mai tuwon nan Azumi, Bakanuwa, ta yi Gwanja ta fi a ƙirga, bakinta kuma ba ya mutuwa. Ranar farko ta tambaye ni sunan yaron da zan nema. Na dube ta kawai. Ta kwashe da dariya ta ce ashe ɗan fari ne, to haka zan shiga Kumasi ina tambayar mutane ko sun ga wancan? Na ce ta ji da tukunyarta. Daga nan muka shaƙu.

A Kwara aka fara yi mini dariya. Jakuna na iyo an riƙe musu kai, mu muna cikin kwale-kwale tare da buhunan kanwa, ruwa na lasar bakinsa. Na rufe ido na damƙi abin da na zata gefen jirgi ne, ina ta salati. Sai da muka taɓa gaɓa na buɗe ido, ashe ƙafar wani malami ce ɗan Zazzau. Bawan Allah bai ce uffan ba duk tsawon ƙetarewar, sai da ya sauka na ga yana ɗingishi.

Dariyar ba ta daɗe ba, don hayin can ƙasar Faransa ce, kuma ga sojojinsu 'yan jar hula a bakin hanya suna kwance kaya. Rabona da ganin hular nan tun ranar wuta. Na ji fitsari ya kama ni, tsohuwa da ni. Azumi ta matse mini hannu ta ce in dubi ƙasa in yi ta tafiya. Baturen nasu, ja wur, gumi na zuba, ya nuna ƙullina da sanda. Kafin in kwance ya fizge ya kwance da kansa, ya cusa hanci ciki. Daddawar Kabi ce, ta kwana biyu a rana. Ya yi baya yana tari yana yarensu, ya kaɗa mana hannu mu wuce, har jakunan da ke bayana ba a taɓa ba. Madugu ya ce daga yau ni ce jagaba.

Kwananmu a zango ne bayan gari, bukkar ciyawa da shingen ƙaya, jaki a kanka jaki a ƙafarka. Abin da ban zata ba shi ne yawan irinmu a hanya. Kowane zango sai ka iske waɗanda aikin tilas ko yunwa ko wuta ta koro, sun yi bukka sun ce kwana biyu za su yi, ga 'ya'yansu har sun yi aure a wurin. A Zugu wata mai sayar da fura ta ga tsagata ta ajiye ludayi. 'Yar ƙauyen da ke gabas da mu ce. Ta tambaye ni ko tsamiyar kasuwarmu tana nan, na ce rabona da ita ɗaya da nata. Ta kira 'ya'yanta su gaishe ni, suka gaishe ni da yaren Bargu. Ta ƙi karɓar komai a kan furar, muka rabu kowa na share ido.

Muka ratsa ƙasar da aka ce da ta Jamus ce, muka bi Yandi, muka sauka Salaga. Gari ne mai rijiyoyi kamar ramukan gara, amma ruwan sai ka saya. Na zaga unguwa-unguwa ina tambayar inda aka binne Kulu. Wani tsoho mai haƙa ya kai ni wani fili duk ciyawa, ya ce baƙi nan ake sa su, in zaɓi inda na ga dama in yi addu'a. Na tsuguna na yi mata. Na gaya mata ba ta yi laifi ba, ta kawo shi iya inda ƙarfinta ya kai.

Daga kogin Yeji ƙasa ta sake. A Atabubu aka bar jakuna saboda ƙudan tsando, kaya suka koma ka. Muka shiga kurmi, rana tsaka kamar magariba, ruwan sama kuma bai san rani ba. Abinci fa? Gero ya ƙare, sai doya da agade. Suna kirɓa sakwara ta yi danƙo, a tsoma a miya tsululu a haɗiye ba tauna. Ni na tauna, na yi ta taunawa, matan suka taru suna kallona kamar sun ga akuya na tauna fata. Na fara sabawa ke nan na ɗebo wani baƙin nama a miya, na tambayi Azumi, ta ce dodon koɗi ne. Ranar da gasasshiyar doya na kwana.

Mutanen Asante kuwa sai a hankali. Mazansu zane suke yafawa, in za su gai da babba su sauke shi daga kafaɗa. Matansu ke riƙe da kasuwa, mace ta daka wa ƙato tsawa ya yi laƙwas, wannan kam bai ɓata mini rai ba. Amma wai mutum ya mutu ɗansa na tsaye, ɗan 'yar'uwarsa ya ci gado. Na ce da Azumi wannan wace irin ƙasa ce. Ta ce su ma in sun ji uwa ba ta kiran sunan ɗanta haka suke cewa.

A Mamfon na ba da kunya. Muna shiga gari sai bindiga ta tashi, wata ta amsa, ga ganguna ga ihu. Ban san lokacin da na yar da kayan kaina ba. Na faɗa kurmi ina kiran Audu, Audun da na baro a Kabi da gemunsa. Sai da 'yan ayari suka bi sawuna suka same ni ƙarƙashin wani kututture, ƙaya ta yayyage mini zane. Ashe jana'iza ce, haka suke sallamar babban mutum. Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Madugu ya ce wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, ya sa aka tattara mini kayana.

Kumasi kuwa gari ne, ba zan rage mata ba. Rufin kwano na ƙyalli, jirgin ƙasa na kuka kamar an yanka sa, mutane kamar an tashi idi kullum. Zango kuma duniya ce a dunƙule: Mosi, Dagomba, Zabarmawa, Wangarawa, kowa na Hausa irin tasa. Wata ta nuna ni ta ce tsohon nan ya gaji, a ba shi ruwa. Na waiga ina neman tsohon. Ban sha wuyar cigiya ba, Azumi na cewa Ɗan Salaga mai ɗaurin goro aka nuna mana gidan Maigida Labaran. Duk wanda ya maimaita sunan nan sai in ji kamar an watsa mini barkono.

Muka shiga farfajiya, maza na zaune cikin ganye suna tsince goro, suna fid da mai sankara, wasu na ɗaure shi huhu-huhu. Ba wanda ya nuna mini shi. Ƙeyar ubansa ce, da yadda yake karkata kai in yana aiki. Aka raɗa masa wani abu, ya miƙe, dogo, ya goge hannu a riga, ya zo gabana ya durƙusa.

"Sannu da zuwa, Inna."

Ku kun san abin da na yi, don ku ma shi za ku yi. Na ja mayafi, na juya fuska wajen bango, na tambayi Azumi ko ta ga inda na ajiye butata. Ina so in dube shi, amma wuyan nan ya ƙi juyawa. Ya daɗe a durƙushe. Sa'an nan ya tashi ya koma wajen aikinsa. Ta gefen ido na ga yana zubar da goro mai kyau cikin marar kyau.

Maigida Labaran ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya. Ya sauke mu ɗaki mai kyau, ya aiko da tuwon masara da miyar manja. Amma a can aka haife shi, uwarsa 'yar Gwanja ce, Hausa a baki kawai ya gada. Washegari bayan la'asar ya tara liman da dattawan unguwa a tsakar gida. Na ba da labarin garinmu da wutar da Kulu, na nuna tsagata da billen bayan kunne. Ya ce tsaga ba shaida ba ce, a Salaga iyayengiji sukan yi wa yaran da suka saya tsagar da suka ga dama. Sa'an nan ya dubi dattawa.

"Jiya a idona ya durƙusa mata ta juya masa ƙeya tana neman buta. Wace uwa ce za ta yi wata da watanni a hanya, ta ga ɗanta ta yi haka? To ta faɗi sunansa mana."

Na sunkuyar da kai. Wuri ya ɗauki gunaguni, na ji wani na cewa ai ya san za a rina, yaron ne ya yi hayar tsohuwa. Azumi ta miƙe za ta yi bayani aka ce mai tuwo ta zauna. Shi kuwa yana bakin zaure, kansa a ƙasa. Na ga tafiyata duka za ta zube a banza, kuma wannan karon da hannuna zan sake yar da shi.

Sai muka ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda. Iya Kande ce, uwargidan mahaifin Labaran, Bakatsiniya, ta zo ƙasar tun Turawa ba su shiga Kumasi ba. Ta tsufa har ta lanƙwashe. Ba ta gai da kowa ba. Ta nuna yaron da sanda, ta ce ya zo ya zauna a kan tabarmar da nake. Ya zo. Gwiwarsa na taɓa tabarmar na tsinci kaina can wajen turmi, ban ma san na tashi ba. Tsohuwa ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Labaran, kai a nan aka haife ka, ba ka san gida ba. Da ƙarya ta kawo, da tun a ƙofa ta faɗa jikinsa tana kururuwa don ku gani. Macen da ta tako daga Kabi zuwa nan, ta iso ta kasa duban yaro, ɗan farinta ne. Ni ma nawa har ya koma ga Allah ban kira sunansa ba."

Dattawan da suka zo daga gida suka shiga gyaɗa kai, wani ya ce wallahi haka uwarsa take da yayansu. Labaran ɗan kasuwa ne, ya san lokacin da ciniki ya faɗa. Ya cire hula ya sosa kai ya mayar, ya ce ya yarda, ya ba shi yarinyar, dama ba aikin yaron ko halinsa ya ƙi ba. Azumi ta rangaɗa guɗa tun ba a ce ta yi ba.

Liman ya ce saura abu ɗaya, ba a ɗaura aure da Ɗan Salaga, sai da sunan yanka da na uba. Aka dubi yaron. Ya ce bai sani ba, Gwaggo Kulu dai Baba take ce masa. Gaskiyarsa, don sunan mahaifinta aka sa masa, surukina ke nan, shi ya sa duk gidan ba mai kiransa da shi. Waɗanda suka halarci sunan kuwa wuta da hanya sun cinye su. Duk duniya bakina kaɗai ya rage, kuma sunayen da ake nema su ne waɗanda mace ba ta faɗa: na ɗan fari, na suruki, na miji.

Iya Kande ta ce abu mai sauƙi, liman ya riƙa jero sunaye, in ya zo kan nasa in gyaɗa kai. Haka ake yi, ba wanda zai zarge ni. Liman ya fara. Adamu. Nuhu. Isiyaku. Ni ina wajen turmi ina satar kallo. Kowane suna aka kira sai yaron nan ya ɗago kai ya dube ni, in na yi shiru ya mayar. Ƙato mai gemu, yana jira a tsinto masa suna a cikin tari kamar goro. Na tuna tun da Kulu ta rufe ido ba wanda ya kira shi da abin da yake nasa. Na ji ba zan iya ba.

Na ce, "Malam, dakata."

Na tashi na zo tsakiyar mutane, na sauke mayafi, na dube shi ido cikin ido, abin da ban yi ba tun ranar da aka yaye shi. Na kira sunansa. Na ɗaga murya yadda na bayan katanga zai ji. Na faɗi na ubansa, na ce jikan limamin Farar Rijiya ne, ɗa ne ɗan ɗa, ba a taɓa sayen kowa a gidansu ba.

Sa'an nan ya ce, "Na'am."

Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, amma daɗin da na ji ya fi kunyar, ba zan ɓoye muku ba. Na koma ɗaki da gudu na yi kukan da na tara tun ranar wuta, Azumi na tsaye a ƙofa tana korar masu leƙe.

Dawowa ba wani abin faɗi, hanyar da ta kai ni ita ta maido ni, sai dai huhun goro da turmin atamfa a kan jaki, ni kuma na wuce 'yan jar hula kaina a sama. Ya so in zauna, na ce Audu da gonar aro na jirana. Ke Hajo, na ga bakinki na motsi, kada ma ki tambaye ni sunan. Sau ɗaya aka yi, a Kumasi aka yi, ba zan sake ba.

Amma na tsaya an ɗaura auren. Ranar ina cikin ɗaki tare da Iya Kande, maza sun cika ƙofar gida har bakin hanya. Aka shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya, ya kira sunan ango da na ubansa da na garinmu, garin da ko bango bai rage ba, ya bi layin Zango yana maimaitawa, yara na amsawa. Na sa yatsu na toshe kunnuwana kamar yadda ya kamata uwa ta yi. Iya Kande ta dube ni ta yi murmushi, don ta ga ban toshe sosai ba.